Baba, Ɗan Matsa

Tun kuna ƙanana kuke tambayata abin da ya sa babu hoton kakanku a gidan nan, alhali ubanku da hoto ya ci abinci, ni kuwa amsa ɗaya nake ba ku: mutumin dā ne, bai yarda da hoto ba. Na faɗa wa Binta haka, na faɗa wa Sani, na faɗa wa 'ya'yanku da suka taso, har maganar ta zauna daram. Ranar sunan 'yar Sani da kunnena na ji wani malami yana yabon tsoron Allah irin na mahaifina, wai ɗansa mai hoto ne amma bai taɓa tsayawa gaban kyamara ba. Na sunkuyar da kai na ce amin tare da kowa. To, ƙarya na yi muku. Mahaifiyarku, Allah ya jiƙanta, ta san ƙarya ce, ta rufa mini asiri har ta koma ga Mahaliccinta. Yanzu yanar ido ta fara rufe mini gani, ba na bambance hantsi da la'asar sai na tambaya, shi ya sa nake so in rubuta wannan tun ina ganin layin takarda. Kakanku ya so a ɗauke shi hoto. Sau uku ya sa rigarsa ya zo, sau ukun nan ni na hana.

Ni ne ɗansa na fari, kuma a nan duk abin ya samo asali. Rugarmu tana gabas da Gagarawa, muna noma gero da wake, muna kiwon shanu, a gida mu yi Fillanci, a kasuwa mu yi Hausa. Ku da kuke kiran 'ya'yanku da suna kuna ɗora su a wuya, ba za ku gane kunyar ɗan fari ta wancan zamani ba. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin mahaifina ba. In zai aike ni, sai ya dubi wata bishiya ya ce ya kamata a kai maruƙa inuwa, ni kuma in tashi. In ya ga na rame, Goggo Dije ƙanwarsa zai ce wa a ƙara wa wancan nono. Da na koma gari sunana ya zama "wancan na Gumel", daga baya "mai akwati". Ba ƙiyayya ba ce, kowa ya sani, amma mutumin da bai iya kiran sunanka ba, ta yaya zai buɗe baki ya roƙe ka wani abu? Ni da na tashi cikin wannan al'ada ya kamata in fi kowa iya karanta shirunsa. Boko da zaman birni suka toshe mini kunne.

A Kano na koyi hoto, wajen wani Bayerabe a Sabon Gari, mutum mai faɗa da ƙwarewa. Shi ya cusa mini cutar jiran haske. Kullum yakan ce mana mutum kana iya ce masa ya dawo gobe, amma haske in ya wuce ya wuce. Na haddace wannan kamar karatun allo. Da na dawo Gumel na buɗe ɗan shago a jikin gidanmu kusa da tasha, da kyamara biyu. Babbar, akwatin katako ce mai ƙafa uku da baƙin ƙyalle, da ita nake yi wa mutane hoton fasfo da na neman aiki, ita ke ciyar da mu, ni kuwa raina ta nake yi. Ƙaramar, mai ido biyu wadda ake ratayawa a wuya a leƙa ta sama, ita ce raina. Fim ɗinta hoto goma sha biyu yake ɗauka, kuma sai an aika Kano ake samo shi, saboda haka ba na danna ta sai na tabbata.

Da ita nake yawo a keke. Na san rijiyoyin Sule Tankarkar ba sa kyau sai da hantsi, lokacin da rana ke bugun igiyar guga ta gefe har ka ga ɗigon ruwa yana zuba daga jikinta. Na san wata kuka a hanyar Maigatari da in ka ɗauke ta da rana tsaka kututture ce kawai, amma da la'asar sakaliya kowane tsagu na jikinta sai ya fito. Na san katangar tsohuwar unguwa a Gumel tana yin kyau in hadari ya taso daga gabas rana kuma tana yamma, na minti biyar ko shida, daga nan shi ke nan. Sai in yi kwana huɗu ina komawa wuri guda ban ɗauki komai ba. Mutanen tasha suka sa mini suna Mai Hoton Itace. Wani direba yakan tsokane ni ya ce, Buba, yaushe kukar za ta zo karɓar hotonta? Ina dariya, amma a raina ina ganin duk garin babu mai ido sai ni.

Hoton nan babba da ke falo, wanda duk baƙon da ya shigo sai ya tsaya a gabansa, na tafkin bayan rugarmu ne, wanda muke kira Tafkin Gawo. Na ɗauke shi da kaka, ana saura 'yan watanni a koma tuƙin hannun dama. Damina ta yi kyau, tafkin ya cika har gindin gawon. Na je gida na yi kwana uku, kullum da sassafe ina bakin ruwa da kyamara, kowa a rugar ya san inda nake tsayawa da lokacin. Safiya ta uku abin da nake jira ya zo. Iska ta kwanta, ruwan ya yi lumui, gawon ya fito a cikinsa ƙafa a sama, balbelu sun jeru a reshe, rana ta leƙo ta bayana ba ta yi zafi ba tukuna. Na sunkuya ina daidaita gilashi, sai na ga mutum ya shigo cikin hoton. Mahaifina ne, yana jan Woɗe, jar saniyarsa mai dogon ƙaho wadda ya gada daga uwarta da kakarta. Yana sanye da babbar rigarsa ta saƙi, wadda ba ta fita daga adaka sai ranar Sallah. Ya zo daidai gindin gawon ya tsaya, hannu ɗaya a kan sanda, ɗaya a kan tozon saniyar, ya miƙe ƙafaɗa, ya kafa ido a kan ruwa. Bai dube ni ba.

Na gaishe shi a gurguje, idona a kan balbelun kada su tashi. Sannan na ce:

"Baba, ɗan matsa, rana za ta wuce ni."

Ya juya wajen Woɗe. Sai ya ce, ba da ni ba, da saniyar:

"Shayar da ke na zo yi."

Ya ja ta suka yi hagu, na danna. Na koma Gumel ina murna kamar an yi mini haihuwa. Malaman makaranta da ma'aikatan En'e suka yi ta zuwa neman a wanke musu nasu, wani ya ce bai taɓa sanin ƙasarmu tana da kyau haka ba. Ko sau ɗaya ban tambayi kaina ba wane makiyayi ne yake shayar da saniya da rigar Sallah.

Daminar da ta biyo baya ba ta yi albarka ba. Aka shiga rani da rumbu rabi, shekarar da aka canja kuɗi daga fam zuwa naira. Tun kafin zafi ya kankama tafkuna suka ƙafe, mutanen arewa suka fara gangarowa ta Maigatari da ragowar dabbobinsu, wasu da tabarma kawai. A lokacin ne Goggo Dije ta zo Gumel, ta shigo shagona ta zauna a benci tana fifita da gefen mayafi. Idonta ya kai kan hoton tafkin a bango. Ta tashi ta matsa kusa, ta daɗe tana dubawa.

"Buba, ina mai rigar?"

"Wace riga, Goggo?"

"Ni na fito masa da ita daga adaka, na shanya ta kwana biyu don warin ajiya. Ya ce mini an gama, an ɗauka. Shekara ɗaya da rabi ke nan yana jira a kawo masa. Ina yake a nan?"

Na ce ai shayar da saniya ya zo yi, shi ya faɗa da bakinsa. Goggo ta riƙe haɓa tana kallona.

"Kai dai an yi asarar kuɗin makaranta. Ya ga hoton Arɗo da bijiminsa a rataye, ya dawo ya kwana biyu yana juya maganar, sannan ya tambaye ni wai akwatin yaron can yana iya kama mutum da saniya tare. Na ce ka tambaye shi mana. Ya ce, ni in roƙi wancan? To, ya sa riga ya je ya tsaya a gabanka. Me kuma kake so ya yi, ya durƙusa?"

Sai a lokacin na gane. Ya san na kore shi daga hoton, amma ya je ya ce wa ƙanwarsa an ɗauka, don kada a ga laifina. Na rantse wa Goggo cikin makon nan zan zo, ta koma ta gaya masa.

Na kuwa je. Amma keken ya yi faci sau biyu, rairayi ya cinye ni, ban isa ba sai rana tsaka. Na tarar da shi a bakin tafkin, tun safe yake can da rigar a jikinsa. Tafkin ya zama fili, ƙasa ta tsattsage. An sassare rassan gawon an ba dabbobi, saura 'yan tsiraru a sama. Woɗe tana tsaye kanta a ƙasa, ƙahon ya yi mata nauyi, haƙarƙarinta a waje, tozon da ya dafa a da ya kwanta gefe kamar tsohuwar jaka. Ya gan ni, ya gyara tsayuwa, ya ɗora hannu inda tozon yake. Na buɗe kyamara na leƙa. Rana tana bisa kai, malfarsa ta jefa inuwa ta rufe fuskar baki ɗaya, ƙasa fari fat, sama fari fat, rigar ta yi masa yawa saboda rama. Na ce a raina, wannan ne hoton da za a riƙa nunawa a ce ga uban Buba mai hoto? Ga aikin Buba? Zan gaya muku gaskiya tunda gaskiya na zauna rubutawa: na tausaya masa, ban so a tuna shi a haka ba, amma rabin abin da ya riƙe yatsana sunana ne nake karewa. Da na zauna awa uku rana ta karkata, da fuskarsa ta fito. Da na ce ya cire malfar ma, da ta fito. Fim cike yake a cikin kyamarar, goma sha biyu cur. Na rufe murfin.

"Baba, a bari sai ruwa ya sauka. Tafki ya cika, ciyawa ta yi kore, ita ma ta mai da jikinta. Sai in yi maka wanda ya fi na Arɗo."

Ya sauke hannunsa daga kan saniyar.

"To. Allah ya kai mu."

Sannan ya ɗaga murya wajen bukkoki:

"Dije, a ba baƙo ruwa. Ya sha rana."

Da na dawo na ba mahaifiyarku labari, ina jiran ta ce na yi dabara. Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba ta ce:

"Malam, hotonka baƙi da fari ne. Koren ciyawar a ina zai fito?"

Na hau ta da faɗa, na ce me ta sani a aikin hoto. Ta ci gaba da tankaɗenta. Har yau ban samo amsar tambayar nan ba.

Woɗe ba ta ga damina ba, ta kwanta a gindin gawon ta kasa tashi, aka yanka ta. Daminar ma da ta zo, ba ta zo ba. Aka yi ruwa biyu aka shuka, ya ɗauke, aka sake shuka, gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Tafkin Gawo bai tara ruwan da zai jiƙa idon sawu ba. Na riƙa aika musu da ɗan abin da na samu na hatsi ta hannun ƙanena Haro, wanda ya zauna a ruga tare da shi, amma ni ban taka ba. Kunya nake ji, na yi alkawarin ruwa kamar ni ke saukar da shi. Kuma kada ku ɗauka na ajiye kyamara don baƙin ciki. A shekarar nan na gano busasshen tafki yana yin kyau da yamma, in rana ta kwanta ta cika tsagogin da inuwa. Mutane suna haƙa gidan tururuwa suna neman ƙwayar hatsi, ni ina durƙushe a gefe ina jiran rana ta ƙara sauka kaɗan. Hotunan suna nan a cikin akwatin ƙarfe, ba na buɗe shi.

Da kaka ta zo babu abin girbi, mutanenmu suka yanke shawarar su kora ragowar shanun kudu, ƙasar Bauci, inda aka ce akwai ruwa. Ban san ranar tashinsu ba. Wata Laraba da yamma na hau keke na tafi Maigatari na kwana, don ina so gari ya waye mini a kasuwar raƙuma ranar Alhamis. Na samu abin da na je nema. Da hantsi na ɗauki raƙuman Damagaram a durƙushe, inuwar wuyansu ta miƙe a ƙasa. Da na so in juyo da azahar, sai na ga yadda rumfunan 'yan kanwa za su yi in rana ta faɗa yamma, na ce bari in jira. Wani Buzu yana ta kirana da guntun Faransancinsa, mushe mai foto, zo ka ɗauki raƙumina, na ɗauka. Kafin la'asar sakaliya ta wuce na cinye fim ɗin tas, na kamo hanya ina waƙa.

Ana kiran magariba na iso gida. Mahaifiyarku tana tsaye a zaure da mayafi, abin da ba ta saba ba.

"Baba ya zo."

"Wane Baba?"

"Babanka. Tun hantsi. Ya ƙi shigowa, ya zauna a ƙofar shago gindin darbejiya. Na aika masa da fura, ya sha kaɗan ya mayar. Na leƙa na gaishe shi, na ce ka tafi Maigatari, ko a aika a kira ka. Ya ce a'a, kada a tashi mutum daga aikinsa, shi kanwa ya zo saya."

"Ya sayi kanwar?"

"Bai je kasuwa ba, Malam. Bai tashi daga wurin ba sai salla. Da rigar saƙi ya zo."

Ta ce Haro ya riga ya yi gaba da shanun, shi Baba ya juyo, ya ce zai cim musu a hanya. Ku da kuka san ƙasar nan kun san Gumel ba a kan hanyar kudu take ba daga Gagarawa, baya ce. Tsoho mai fama da yunwa ya bar garkensa ranar ƙaura, ya yi baya, ya zo ya zauna wuni guda a gaban shagon da akwatin katako ke ciki a kulle. Da ina nan, minti goma ya isa. Da la'asar ta yi ya shiga motar 'yan kasuwa mai komawa. Abin da ya bari kawai, ya ce a gaya wa mai akwati sun tafi.

"Ka bi shi," in ji mahaifiyarku. "Shanu ba sa sauri. Gobe da safe za ka same su."

Na ce babu fim. Gaskiya ne, babu. Ta ce in ɗaura babbar a bayan keke. Na ce wannan ta hoton fasfo ce, ba zan yi wa ubana hoton fasfo ba. Ta ce to in je hannu sake, in yi masa sallama kawai. Wannan ne na kasa. In je in tsaya a gabansa karo na uku ba tare da komai ba? Na ba direba saƙon fim daga Kano, na ce kwana biyu ne. Ya yi kwana shida. Da na isa ruga, bukkoki ne a buɗe da toka a murhu. Na bi sawunsu wuni guda, sawun ya shiga cikin na dubban shanun da ke gangarawa, na rasa wanne ne namu. Na juyo. Na ce a raina ai za su dawo da damina, kuma a lokacin tafki ya cika.

Tafkin kuwa ya cika. Daminar da ta biyo ta yi ruwa kamar ba a taɓa fari ba. Wata safiya ina share shago sai ga Haro a ƙofa, ya rame ya yi baƙi, da ƙunshi a hammata. Shi kaɗai. Ya zauna a bencin da Goggo ta zauna, muka gaisa, ya ajiye ƙunshin a tsakaninmu. Tun kafin ya yi magana na ga gefen saƙi ya leƙo.

"Yaya, sai haƙuri. Wata biyar ke nan. Zazzaɓi ne, kwana huɗu. Mun binne shi a bakin wani kogi, ban sami wanda zan aiko ba."

Na yi salati. Sannan na tambaya ko ya bar wata magana.

"Ya ce rigar a kawo wa mai akwati."

"Shi ke nan?"

"Ka san shi, ba zai ambace ka ba." Haro ya murza hularsa. "Sai dai ranar da muka sauka a bakin kogin. Da yamma ne, ciyawa har gwiwa, ruwa a kwance, shanun suka bazu suna ci. Ya tsaya ya dogara sanda yana ta kallo, rana tana bayanmu. Na ce Baba mu kafa bukka kafin duhu. Ya ce in dakata. Can ya ce, irin wannan ne wancan yake jira."

Ban yi kuka da labarin mutuwar ba, amma da wannan na yi, a gaban ƙanena, a shago a buɗe, 'yan tasha suna wucewa. Ashe ya gane. Mutumin da nake ganin bai san komai ba a aikina, ya tsaya a ƙasar mutane da yunwa a cikinsa yana duba mini haske. Bai riƙe ni da laifi ba, kuma wannan ya fi mini ciwo fiye da a ce ya tsine mini. Da ya yi fushi, da na san abin da zan nemi gafara a kai.

Na koma Tafkin Gawo sau ɗaya a daminar nan. Ruwa har gindin bishiyar, balbelu sun dawo, safiya ce irin wadda nakan yi sati ina jira. Na tsaya inda na saba tsayawa, kyamara a wuya, fim sabo. Na leƙa gilashin, wurin da ya tsaya yana nan a tsakiya, babu kowa. Ban danna ba. Daga ranar ban ƙara fita ɗaukar itace ko rijiya ko kasuwa ba, na koma akwatin katakon da nake rainawa, na yi shekara arba'in ina hoton fasfo. Kun sha yi mini dariya cewa duk tsohon da ya zauna a bencin shagona sai na ɗauke shi ko bai tambaya ba, ko da rana tsaka ce, ko hadari ya rufe gari. Yanzu kun san dalili. Bai rage mini komai ba, na ɗauki iyayen mutane sun fi a ƙirga, babu nawa a ciki. Fuskarsa ma ta fara ɓace mini. Ina tuna malfar, ina tuna tsayuwar, amma in na nemi idonsa da hancinsa sai in ga na Haro.

Ƙaryar kuwa, ba shirya ta na yi ba. Binta tana 'yar shekara shida ta tambaye ni, na buɗe baki gaskiyar ta ƙi fitowa, waccan ta fito. Na ɗora wa mamaci ƙin abin da ya yi tafiyar wuni yana nema, don in tsira da mutuncina a idon 'ya'yana. Ku gyara wannan a bakin 'ya'yanku. Rigar tana ƙasan adakar mahaifiyarku, a naɗe cikin farin ƙyalle, Sani ya ɗauka.

Saura abu ɗaya. Ranar da na fara wanke hoton tafkin, na ga wani ɗan abu a gefen hagu, can ƙasa, ya ɓata mini aiki. Na ji haushi ƙwarai. Na sa kafinta ya yi wa firam ɗin katako mai faɗi don ya rufe shi, kuma haka yake a rufe har yau. Bayan zuwan Haro na sauke shi sau ɗaya na duba, na mayar, ban ƙara iyawa ba. In na mutu, ko ma kafin nan in kuna so, ku sauke hoton daga bango, ku juya bayansa, ku zare ƙusoshin nan huɗu, ku fito da takardar. A gefen hagu za ku ga kan sanda, da yatsu huɗu a riƙe da ita, da bakin hannun riga ta saƙi. Kakanku ke nan. Na ce masa ya matsa, ya kuwa matsa, iyakar abin da ya rage a ciki ke nan.